Louis Armstrong da asalin kiɗan jazz: tarihin mabushin da ya ziyarci Kano da Kaduna a 1960

A watan Oktoba na shekarar 1960, wata biyu bayan Nijar ta karɓi mulkin kai, makonni kaɗan kuma bayan Najeriya ta karɓi nata, wani baƙar fatar Amurka mai suna Louis Armstrong ya sauka a ƙasar Hausa da ƙahonsa. Ya yi wasa a Kano, ya kuma je Kaduna inda aka ɗauke shi hoto suna raha da Firimiyan Jihar Arewa, Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello. Yana da shekara 59 a lokacin, kuma babu mabushin da ya kai shi suna a duniya.

Kiɗan da ya zo da shi, wato jazz, jikokin bayin da aka kwashe daga Afirka ne suka ƙirƙiro shi. Mutumin Badagishiri ko Illela ko Malbaza ko Birnin Konni da ya saba jin kakaki da algaita a ƙofar fada ranar hawan salla ya riga ya san cewa ana iya sa abin busa ya yi magana. A kan wannan ne sunan Armstrong ya tsaya: ya ɗauki ƙahon Turawa, wanda aka fi sani a faretin soja, ya sa shi yana magana da muryar mutum ɗaya, har ya sauya yadda ake kiɗa da waƙa a ƙarni na 20.

Birnin da aka haifi jazz

An haifi jazz a New Orleans, birnin da ke kusa da bakin kogin Mississippi a jahar Louisiana ta kudancin Amurka. Faransawa ne suka kafa birnin a 1718, jiragen bayi na farko kuma suka iso yankin a 1719. Daga baya birnin ya koma hannun Sifaniya, ya sake dawowa hannun Faransa, sannan Napoleon ya sayar wa Amurka da Louisiana baki ɗaya a 1803 a kan dalar Amurka miliyan 15.

Wannan tarihi ya sa New Orleans ta bambanta da sauran biranen Amurka. Dokar bayi ta Faransa ta hana a sa bawa aiki ranar Lahadi, saboda haka bayi suka saba taruwa a wannan rana suna ciniki, suna kiɗa da rawa. A 1817 hukumar birni ta keɓe musu fili guda, wanda aka sani da Congo Square. Wani masanin gine-gine mai suna Benjamin Latrobe ya ga taron a 1819, ya rubuta bayanin gangunan da ya gani, ya kuma zana wani abin kiɗa mai tsirkiya da aka yi da ƙwarya. A wasu sassan Amurka kuwa an hana bayi ganga. A Carolina ta Kudu dokar 1740 ce ta haramta ta, bayan tawayen bayi na Stono a 1739, don iyayengiji sun gane ana iya aika saƙo da ita.

An kawo ƙarshen bauta a Amurka a 1865, amma wariyar launin fata ta maye gurbinta. A New Orleans ne aka kama Homer Plessy a 1892 saboda ya zauna a taragon jirgin ƙasa na fararen fata, a 1896 kuma Kotun Ƙoli ta halatta raba jinsuna a wuraren jama'a. Dokokin wariya sun haɗa rukuni biyu wuri guda: barbarar yanyawa masu jin Faransanci, waɗanda da yawansu sun koyi karanta kiɗa a rubuce, da baƙaƙen unguwannin talakawa waɗanda suka koyi nasu da kunne, a coci da gonakin rake da auduga. Birnin kuma cike yake da ƴan badujala. Ƙungiyoyin taimakon juna, masu tara kuɗi kamar adashe don jinya da binne mamaci, sukan ɗauko su su raka gawa da kiɗa mai sanyi, su dawo daga maƙabarta da kiɗa mai zafi.

Daga wannan haɗuwa jazz ya fito a wajajen 1900: kayan busa na badujala, salon fiyano da ake kira ragtime, waƙoƙin coci, da waƙar baƙin ciki ta talakawan kudu mai suna blues. Mutumin da aka fi ambata a matsayin sarkin busa na farko shi ne Buddy Bolden, wanda aka haifa a 1877. An kai shi asibitin masu taɓin hankali a 1907, ya zauna can har ya rasu a 1931, ba a kuma samu faifansa ko ɗaya ba. Faifan jazz na farko ya fito ne a 1917, kuma ƙungiyar fararen fata ce ta yi shi, Original Dixieland Jass Band.

Abin da Afirka ta bayar

Daga cikin ƴan Afirka kimanin miliyan 12 da rabi da aka ɗora a jiragen bayi, ƙasa da dubu 400 ne aka kai Amurka ta Arewa kai tsaye. Masaniyar tarihi Gwendolyn Midlo Hall ta nuna cewa kashi biyu cikin uku na bayin da Faransawa suka kai Louisiana daga yankin kogin Senegal da Gambiya suka fito, da yawansu Bambarawa. A takardun cinikin bayi da na gado da ta tattara akwai kuma wasu ƙalilan da aka rubuta cewa Hausawa ne.

Masana biyu sun jawo hankali ga yankinmu na Sahel. Paul Oliver, ɗan Ingila, a littafinsa na 1970, da Gerhard Kubik, ɗan Ostiriya, a nasa na 1999 mai suna Africa and the Blues, sun ce siffofin blues sun fi kama da kiɗan ƙasashen da suka shimfiɗu daga Senegal da Mali zuwa ƙasar Hausa da arewacin Kamaru, fiye da manyan gangunan bakin teku. Hujjarsu ita ce inda aka hana ganga, mai molo da mai goge sun ci gaba da sana'arsu. Abin kiɗan nan na Amurka mai suna banjo ɗan uwa ne ga molo da gurmi da ngoni na Mali. Kubik ya kwatanta waƙar wani Bahaushe mai goge da ta wani mawaƙin blues na Mississippi, ya nuna yadda dukansu suke jan murya suna lanƙwasa ta.

Wannan kamanni ba ya nufin a ƙasar Hausa aka ƙirƙiri jazz. Kayan busa da tsarin haɗa sautuka daga Turai suka zo, an kuma samu tasirin Kuba da Haiti, musamman bayan da ƴan gudun hijira kusan dubu goma suka shigo New Orleans a 1809. Amma akwai abubuwa uku da kunnen Bahaushe zai gane nan take. Na farko shi ne jagora da ƴan amshi: ɗaya ya faɗa, sauran su karɓa. Na biyu shi ne lanƙwasa sauti, yadda mai goge yake zame yatsa a kan izga ya fitar da sautin da ke tsakanin maɓallan fiyano biyu. Na uku shi ne ƙirƙira nan take. Kamar yadda Mamman Shata yake ɗora sababbin baituka a kan kiɗan kalangun da bai canza ba, haka mabushin jazz yake ɗaukar karin waƙar da kowa ya sani ya gina sabon abu a kai, wanda gobe ba lallai ya maimaita shi ba.

Yaron unguwar talakawa

An haifi Louis Armstrong ranar 4 ga Agusta 1901. Shi da kansa ya rayu yana cewa ranar 4 ga Yuli 1900 aka haife shi, sai bayan rasuwarsa aka gano takardar baftismarsa a wani coci na New Orleans. Mahaifinsa William ya bar gida tun yana jariri, kakarsa Josephine ta riƙe shi har ya kai shekara biyar, sannan ya koma wajen mahaifiyarsa Mayann a wata unguwa da ta yi ƙaurin suna wajen faɗa da caca da karuwanci.

Tun yana ƙarami ya shiga aiki wajen iyalin Karnofsky, Yahudawa ƴan ci-rani daga Lituwaniya masu sana'ar gwangwan da sayar da kwal a keken doki. Shi ne yake busa ƙahon gwangwani don kiran masu saye. Ya rubuta daga baya cewa su ne suka ba shi rance ya sayi ƙahonsa na farko a shagon jingina, kuma ya ci gaba da rataya tauraron Dauda a wuya don tunawa da su.

A daren 31 ga Disamba 1912 ya harba bindiga sama a kan titi don murnar sabuwar shekara. Aka kama shi, aka kai shi gidan horon yara baƙaƙe, Colored Waif's Home. A can wani malami mai suna Peter Davis ya koya masa busa kornet, ƙanin ƙahon da masu jin Faransanci suka sani da trompette, har ya zama jagoran badujalar gidan. Da aka sallame shi a 1914 sai ya riƙa tallar kwal da rana, yana busa a mashaya da dare. Babban mabushin birnin, Joe Oliver wanda ake wa laƙabi da King, ya ɗauke shi kamar ɗa. Da Oliver ya tafi Chicago, Armstrong ne ya gaje shi a ƙungiyar Kid Ory. Daga 1919 zuwa 1921 ya yi aiki a jiragen ruwan shaƙatawa na Mississippi ƙarƙashin Fate Marable, inda ya ƙware a karanta kiɗa a rubuce.

Shekarun da suka sauya jazz

A watan Agusta 1922 Oliver ya aika masa ya zo Chicago. Wannan tafiya tana cikin babbar ƙaurar da baƙaƙen kudu suka yi zuwa biranen arewa don neman aiki da gudun wariya. A Afrilu 1923 aka fara ɗaukar busarsa a faifai. A 1924 ya auri mai kaɗa fiyanon ƙungiyar, Lil Hardin, wadda ta matsa masa ya daina fakewa a bayan ubangidansa. Ya yi shekara guda a New York tare da Fletcher Henderson, ya dawo Chicago, a Nuwamba 1925 kuma ya fara jerin faya-fayan da aka sani da Hot Five da Hot Seven.

Kafin waɗannan faya-fayai, jazz na New Orleans kiɗan taro ne: kornet da kilarinet da turombon suna busa lokaci guda, kowa yana saƙa nasa cikin na ɗan uwansa. Armstrong ya fito da mabushi ɗaya gaba, sauran suna mara masa baya, shi kuma yana gina zance mai farko da tsakiya da ƙarshe. Yakan jinkirta sauti kaɗan ko ya riga kiɗa kaɗan, abin da ke sa jikin mai saurare ya motsa, wanda makaɗan jazz suke kira swing. A waƙar Heebie Jeebies ta 1926 ya rera sautuka marasa ma'ana yana kwaikwayon ƙaho da bakinsa, salon da ya yaɗu da sunan scat. A West End Blues, wadda aka ɗauka ranar 28 ga Yuni 1928 tare da mai fiyano Earl Hines, ya buɗe da busa shi kaɗai na daƙiƙoƙi kaɗan, kuma har yau ɗaliban ƙaho suna haddace ta. Muryarsa mai kaushi ita ma ta zama makaranta: Billie Holiday da Bing Crosby duk sun ce daga gare shi suka koya.

Ƙahon Armstrong da kakaki

Kakaki da ƙahon Armstrong hanya ɗaya suke fitar da sauti. Mabushi yana matse leɓɓansa a bakin bututu ya hura, leɓɓan su yi rawa, iskar da ke cikin bututun ta amsa. Kakaki miƙaƙƙen bututu ne dogo wanda ba shi da rami ko maɓalli, shi ya sa sautukansa ba su da yawa, sai dai sun isa su kwaikwayi hawa da saukar muryar Hausa a kirarin sarki. Tarihin Kano ya danganta shigowarsa fada da Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, kuma har yau ba a busa wa talaka shi. Ƙahon Turawa bututu ne mai tsawon kusan mita ɗaya da rabi da aka naɗe, yana da maɓallai uku waɗanda suke ƙara wa iska tsawon hanya, ta haka ake samun dukkan sautukan waƙa.

Busa irin ta Armstrong tana cin leɓe. Sautukan sama da yake kaiwa dare bayan dare sun sha tsaga masa baki, har ya ajiye ƙaho na wasu watanni a tsakiyar shekarun 1930. Laƙabinsa ma daga bakin ya fito: Satchmo gajarta ce ta wata kalmar Ingilishi mai nufin baki kamar jaka, kuma ta bi shi tun ziyararsa ta farko a Ingila a 1932. Ya zauna a Paris a 1934, ya dawo Faransa a 1948 don bikin jazz na birnin Nice tare da ƙaramar ƙungiyarsa All Stars, wadda ya kafa a 1947.

Jakadan ƙasar da ke nuna masa wariya

A lokacin yaƙin cacar baka, Tarayyar Sobiyat tana yi wa Amurka gori da yadda take wulaƙanta baƙaƙenta. Gwamnatin Amurka ta mayar da martani da tura makaɗan jazz ƙasashen waje, Muryar Amurka kuma ta fara shirin jazz na Willis Conover a 1955. Armstrong ya fara taka Afirka a Mayu 1956, lokacin da gidan talabijin na CBS ya kai shi Accra, shekara guda kafin ƴancin Gana. Sarkin kiɗan highlife E. T. Mensah, shi ma mabushin ƙaho, yana cikin waɗanda suka tarbe shi. Ya rera wa Kwame Nkrumah waƙar Black and Blue, wadda take magana a kan wahalar baƙar fata. Ya kuma ga wata mata a wajen rawa da ta yi kama da mahaifiyarsa, abin da ya sa ya ce ya tabbata daga nan kakanninsa suka fito.

A gida kuwa wasu matasan baƙaƙe suna zarginsa da yawan yi wa fararen fata murmushi. Sai ga rikicin Little Rock a Satumba 1957, inda gwamnan Arkansas ya sa sojoji suka tare ɗalibai baƙaƙe tara a ƙofar makaranta. Armstrong ya gaya wa wani ɗan jarida cewa Shugaba Eisenhower mai fuska biyu ne kuma ba shi da zuciya, ya kuma ce ya fasa rangadin da ake shirya masa zuwa Tarayyar Sobiyat. Wasu gidajen rediyo sun daina sa faya-fayansa. Ya kuma ƙi yin wasa a garinsu New Orleans daga 1956 zuwa 1965, saboda dokar Louisiana da ta hana baƙi da fari hawa dandali ɗaya, alhali ƙungiyarsa gauraye take.

Rangadin da ya kawo shi Kano ya fara ne da kuɗin kamfanin Pepsi-Cola, wanda yake tallar sababbin masana'antunsa a Gana da Najeriya, har marafan kwalba suna cikin kuɗin shiga. Bayan Accra da Legas da Ibadan da Kano, Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka ta karɓi sauran tafiyar. A ƙarshen Oktoba ya isa Léopoldville, Kinshasa ta yau, ana tsakiyar rikicin Kwango, aka ɗauke shi a kan karaga zuwa filin wasa, Joseph Kabasele kuma ya yi masa waƙar maraba. Firayim Minista Patrice Lumumba yana tsare a gidansa a lokacin, aka kuma kashe shi ranar 17 ga Janairu 1961. Masaniyar tarihi Susan Williams, a littafinta na 2021, ta ce jami'an leƙen asirin Amurka sun fake da ziyarar mawaƙin don ayyukansu ba tare da saninsa ba. Gwamnatin wariya ta Afirka ta Kudu ta hana shi shiga. Tafiyar ta ƙare da rashi: mawaƙiyar ƙungiyarsa Velma Middleton ta samu shanyewar ɓarin jiki a Saliyo, ta rasu a Freetown a Fabrairu 1961.

Sawun jazz a Afirka

Kalmar jazz ta riga Armstrong isowa, ta kuma zama sunan duk wata ƙungiyar zamani mai kayan busa da jita. Kabasele ya kafa African Jazz a 1953, Franco da abokansa suka kafa OK Jazz a 1956, a Gini kuma aka kafa ƙungiyar da ta zama Bembeya Jazz a garin Beyla a 1961, ko da yake rumba da kiɗan gargajiya suka fi yi. A Afirka ta Kudu wani yaro mai suna Hugh Masekela ya samu ƙaho da Armstrong ya aiko ta hannun limamin coci Trevor Huddleston, ya kuma girma ya zama mabushin da ya yaƙi wariya da kiɗansa. Léopold Sédar Senghor ya nemi a karanta waƙensa a kan birnin New York da rakiyar ƙahon jazz.

An kuma samu waɗanda suka zo koyo. Yusef Lateef, Ba'amurke mabushin saksofon, ya zauna a Zariya daga 1981 zuwa 1985 yana bincike a cibiyar nazarin al'adu ta Jami'ar Ahmadu Bello, inda ya mai da hankali a kan sarewar Fulani.

Ƙarshen rayuwarsa

Armstrong ya samu bugun zuciya a Italiya a 1959, amma bai rage tafiye-tafiye ba. A Mayu 1964, yana da shekara 62, waƙarsa Hello, Dolly! ta hau matsayi na ɗaya a Amurka, ta sauke ƙungiyar Beatles da ta yi mako 14 a wurin. What a Wonderful World ta fito a 1967, ta zama ta ɗaya a Ingila a 1968. Duk da dukiyar da ya samu, ya ci gaba da zama tare da matarsa Lucille a gidan da suka saya a 1943 a unguwar ma'aikata ta Corona a New York. A can ya rasu ranar 6 ga Yuli 1971. Gidan ya zama gidan tarihi a 2003, filin jirgin saman New Orleans kuma ya ɗauki sunansa a 2001. A 2011 hukumar UNESCO ta ware ranar 30 ga Afrilu ta kowace shekara a matsayin ranar jazz ta duniya.

Faya-fayansa na shekarun 1920 duk suna kan intanet, kowanne bai wuce minti uku da ɗan wani abu ba, gwargwadon abin da faifan wancan zamani yake ɗauka. Mai son farawa zai iya neman West End Blues a wayarsa, ya kasa kunne a tsakiyarta inda kilarinet yake faɗa, Armstrong yana amsa masa da murya, irin yadda ƴan amshi suke karɓa wa jagora.